Jinin da Madugu Shilinde Ya Lasa

Ko a tsufansa Shilinde bai iya tafiya a hankali ba. Ya yi rabin rayuwarsa yana madugun 'yan dako tsakanin Tabora da bakin teku, kafaɗarsa duk kanta. Amma abin da aka fi saninsa da shi wani tabo ne a damtsensa. Nan aka tsaga ranar da shi da wani Bature mai neman tafki suka lashi jinin juna a kan gasasshiyar hanta, suka zama 'yan'uwa. Kowa ya san sharaɗin: wanda ya faɗi sharrin ɗan'uwansa na jini, jinin zai bi shi har gida, ya ci shi da duk mai kwana a inuwarsa. Shi Baturen dariya ya yi, a ganinsa hanya ya saya.

Don haka Shilinde ya kame bakinsa, har Baturen ya mutu a ƙasarsu, har jikoki suka cika masa gida.

Sai ga Fada, limamin coci, ya kafa dutsen tunawa da Baturen a gindin mangwaron kasuwa, ya tara gari, ya sa aka kira tsohon.

"Baba, kai ka san shi. Gaya wa yaran nan irin kirkinsa."

Shilinde ya miƙe. Can gaba ya hango Kabula zaune, matar Mihayo, ɗan dakon da ya bi su bai dawo ba. Ta tsufa tana tambaya, ba wanda ya taɓa ba ta amsa; shi Shilinde kullum sai ya fake da ciwon haƙori.

"Madugu," in ji ta, "yau ma ciwon haƙorin ne?"

Wasu suka yi dariya. Babban ɗansa Luhende ya ja masa gefen mayafi.

"Baba, don Allah. Ka ce mutumin kirki ne mu tafi. Akwai yara a gida."

Tsoro ya kama tsohon sosai.

"Na ga mutumin nan ya kwance bayi daga mari da hannunsa," ya ce. "Na ga ya wanke gyambon da ni ba na iya kallo."

Fada ya gyaɗa kai, har ya fara tafi.

"Ban gama ba. A bakin wani kogi zazzaɓi ya kayar da Mihayo. Muka roƙi kwana biyu. Mutumin nan ya ce wani Bature zai riga shi ganin tafkin. Na ce to mu ɗauki Mihayo. Ya ɗora bindiga a cinyarsa, ya ce akwatunansa fa, wa zai ɗauka? Kabula, da ransa aka bar mijinki. Yana kiran ruwa muka haye."

Kabula ba ta yi kuka ba, ta dai rufe kanta da zane. Fada ya ce tsufa ne, amma ba wanda ya kalle shi.

Shilinde bai shiga gida ba. Daga bakin shinge ya sa a miƙo masa tabarma da ƙoƙonsa. Jikoki suka rugo za su rungume shi, ya daka musu tsawar da bai taɓa yi ba. Ya wuce bukkar gona, can bayan amyoyin zuma, inda ba mai kwana a inuwarsa.

Luhende ya biyo shi yana hawaye.

"Koma," in ji tsohon. "In jinin ya zo, ya tarar da ni ni kaɗai."