Tsohuwar da ta nuna mana inda za a binne jan ƙarfe

Wallahi abin nan ya faru da ni, lokacin ina aji biyu na sakandare. Babana mai gyaran wuta ne, an kira shi wani kamfanin ruwan leda kusa da bodar Jibiya, ni kuma kullum in an tashi makaranta nake kai masa abinci.

Injinan wurin kwamfuta ke sarrafa su, amma sun haukace, su tsaya su tashi da kansu, in ka taɓa jikinsu wuta ta ja ka. Baba ya raba wayoyin saƙo da na wuta, ya binne sandar jan ƙarfe da gishiri da gawayi don ƙasa ta riƙa shanye wutar da ke yawo, amma yashin wurin ya bushe ƙayau, abin ya ƙi. Mai kamfanin ya ce in Juma'a ta wuce zai ɗauko wani daga Kano.

Ranar Alhamis da azahar ina zaune bayan gini, sai ga wata tsohuwa da tulu a kai, tana ta murmushi. Abin da na lura, duk inda ta taka sai sawunta ya jiƙe.

"Ɗiyata, ki hwaɗa ma babanki shi bar wahal da kainai. Can gindin adduwa za shi haƙa."

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu! Na daɗe tsaye bayan Baba ina murza bakin hijabi kafin na faɗa.

Ya yi dariya. "Uwata, yaushe kika zama injiniya?"

Amma ya ɗauki diga. Ramin da ya haƙa a gindin adduwar bai kai ƙugu ba sai ga laka mai sanyi, da bakin wata tsohuwar rijiya. Aka binne sandar, aka haɗa waya, aka kunna. Injinan suka ɗauka lafiya lau! Ma'aikata suka hau tafi, Baba ya rungume kaina yana ta hamdala.

Na je in gode wa tsohuwar, ban gan ta ba. Maigadi ya rantse tun safe ƙofar kamfanin na kulle, ban da ni ba macen da ta shiga.

Har yau in na tuna tsikar jikina na tashi, kuma ina murmushi. Jama'a, in yarinya mai kunya ta daure ta yi magana, don Allah ku saurare ta.