Ranar da Lowrie Ya Bar Jirgi Ya Tafi

Kafin in buɗe shagona da safe, motar Lowrie Isbister ta riga ta sauko daga jirgin fito, tsani ɗaure a samanta, shi kuma yana tuƙi da hannu ɗaya yana cin burodi da ɗayan. Mai gyaran wuta ne, kuma tun ina budurwa shi ke zagaya tsibiran nan namu na Shetland. Ko shayi aka ba shi a tsaye yake sha, idonsa na kan teku, yana auna ko iska za ta bar jirgin yamma ya tashi.

Shekarun nan na ƙarshe kuwa aikin ya nemi hallaka shi. Mahukunta can kudu suka yanke shawarar kashe tashar rediyo mai dogon zango, wai ta tsufa, kayan gyaranta sun ƙare. Su a wajensu tasha ce kawai. Mu nan ita ke gaya wa masunta halin da teku ke ciki, da 'yar ƙararta ta cikar awa muke saita agogo, kuma ta cikinta ake turo saƙon da ke sanar da mitar wutar kowane gida lokacin kunna hitar ɗumama ɗaki. Duk gidan da ba a canja wa mita ba, ranar da tashar ta yi shiru zai iya wayar gari cikin sanyi. Abin ya ba ni haushi, kuma har yau bai daina ba.

A yankinmu Lowrie aka bar wa canjin. Ertie, mai ɗaure igiyar jirgi, ya ce ya sha ganinsa yana hayewa a ranakun da masunta ma suka ƙi fita, yana amai a bokiti amma bai saki akwatin kayan aikinsa ba. A wani gida ya tarar an gina kabad a kan mitar. Ya kwance shi katako bayan katako, ya yi aikinsa, ya mayar da shi yadda marigayin maigidan ya ƙera, don kada matar ta shigo ta ga an taɓa. Kai ne ka yi wannan, Lowrie, kuma ba daga bakinka muka ji ba.

Sai gwaggona Osla, wadda ke zaune ita kaɗai a bayan tudu. Tun ranar da aka sa mata tsohuwar mita aka ce rediyo ke sarrafa ta, ta ɗauka rediyonta na kicin ake nufi. Shekara talatin ba ta kashe shi ba. Da Lowrie ya canja mata mita ya yi mata bayani dalla-dalla cewa babu ruwan rediyonta da hita, ta ce masa to. Mu nan kowa ya san irin wannan to ɗin, na sallamar baƙo ne.

Da bazara aka kashe tashar, ba wanda ya ji a jikinsa. Da sanyi ya shigo, duk wanda ya buga wa Gwaggo waya sai ta ce lafiya lau take, mu kula da kanmu.

Ranar da Lowrie zai ajiye aiki, abokan aikinsa suka shirya masa walima a Lerwick, babban garinmu da ke ƙetaren ruwa. Ya tsaya a shagona da rana ya ce hankalinsa bai kwanta da gidan bayan tudu ba, zai leƙa kafin jirgin yamma. Na ɗauki cefanen Gwaggo na bi shi.

Muka same ta cikin kwat ɗin marigayi mijinta, da safar hannu, rediyo na ta shuu a kan tebur. Ta ce lafiya lau. Lowrie ya wuce ya ɗora tafin hannunsa a kan hitar. Ya juyo.

"Inna, wa ya kashe wannan daga bango?"

Ta kira shi da sunan uwarsa: "Ni na kashe, ɗan Mima. Rediyo ya mutu, wa zai gaya mata lokaci? In bar ta ta kunna kanta yadda ta ga dama, ta ƙone ni da gidan?"

Ni tuni na fara faɗa. Shi kuwa ya mayar da makunnin, ya ce mata da magariba hitar za ta ɗauka da kanta, kuma ba zai tafi ba sai ta gani da idonta. Na tuna masa jirgi. Ya ce ya sani. Ya shiga safa da marwa tsakanin taga da mita, ya ɗaure ƙyauren da ke rawa, ya kora miyar naman tunkiya a tsaye, har muka ji jirgi ya yi ham daga mashiga. Gwaggo ta ce masa ya ja wa kansa, ita ba ta gayyace shi ba.

Can mita ta yi ƙas. Ya jira kaɗan, sannan ya cire mata safar, ya kama hannunta ya ɗora a kan ƙarfen.

"To wa ya gaya mata?" in ji Gwaggo.

"Ta koyi duba agogo da kanta, Inna."

Ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba. Daga baya ta miƙe, ta taka zuwa tebur, ta kashe rediyon. Ban taɓa jin gidan nan shiru haka ba, kuma na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Lowrie ɗan Mima, mai raba tsofaffi da sanyi, an ci walimarka babu kai, kai kuma ka kwana a kujerar shagona. Mun gode. Allah Ya huta gajiya, in har ka san yadda ake hutawa.

Ku kuma masu karatu, sanyi ya riga ya shigo. Duk mai tsoho da ke zaune shi kaɗai, kada ya tsaya ga waya, don lafiya lau za a ce masa. Ya tashi yau ya je gidan, ya ɗora hannu a kan hitar.