Ƙwan da Ya Ƙi Tuɓe Riga

Shekarun baya, ina ƙaramar sakandare kuma ina ganin duk Panshekara babu mai wayona, wata Hajiya mai dafa wa ma'aikatan wani kamfani abinci a Challawa ta ce mahaifiyata ta kawo mata dafaffen ƙwai ɓararre kafin a tashi cin abincin rana. Gwaji ne. In ya yi kyau a ido, kullum za ta riƙa karɓa. In bai yi ba, akwai masu jira.

Mahaifina, don a san shi ma ya sa hannu, ya yi sammako zuwa gidan gona ya kawo ƙwai sabo fil da ɗuminsa. Ina jin kajin ma ba su san an kwashe ba.

Aka dafa, aka ba ni ɓara. Na farko ya fito da ramuka kamar titin da tireloli suka gama da shi. Na biyu, rabin farin ya bi ɓawon. Na uku kuwa gwaiduwa kawai ta rage tana kallona.

"Kai, ɓara na ce maka ko sassaƙa?" in ji mahaifiyata. Ta karɓe ta gwada da kanta. Nata ya fi nawa muni, amma ban faɗa ba, ina son kunnena.

Sai shawara ta fara zuba. Maƙwabciyarmu ta ce gishiri. Yayata ta ce kanwa. Abokina ya leƙo ta katanga ya rantse cewa ƙwai ba ya son surutu a kansa. Muka sake dafa wani da gishiri da kanwa, ni kuma na rufe bakina, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. A banza. Rana tana ɗagawa, mahaifiyata ta zauna ta yi tagumi, ni kuma na fara zargin tukunyar.

Kakata, da ke gefe tana cin goro tana mana dariya, ta ce, "Angona, jawo min ƙwaryar da ke ƙarƙashin gadona."

Ƙwan kajinta ne da take tarawa a sanyin ɗaki, tsininsu a ƙasa.

Na ce, "Kaka, waɗannan ai sun girme ni."

"Sun kuma fi ka hankali."

Ta zuba su cikin ruwa. Ɗaya ya taso sama, ta ce wannan ya lalace, a jefar. Sauran da suka nutse ta sa aka saka su a tafasasshen ruwa, da suka dahu aka tsoma su cikin ruwan ƙanƙara. Na ƙwanƙwasa ɗaya. Ɓawon ya zame sumul kamar an cire safa.

"Amma fa nawa sabo ne!" in ji mahaifina.

"Ai shi ne laifinsa," in ji kaka. "Sabon ƙwai baƙo ne, ba ya tuɓe riga sai ya saba da gida."

Muka kai da gudu, Hajiya ta jujjuya ɗaya ta ce gobe ma a kawo. Masu ramukan nan kuwa mu muka cinye su, har na fara jin tsoron in wayi gari ina cara.

Har yau ban gama ganewa ba. Burodi sabo ake so, nono sabo ake so, ƙwai kuma sai ya kwana biyu, in ya kwana da yawa ya ruɓe. Na taɓa tambayar kaka ainihin ranar da yake daina zama baƙo. Ta ce ranar da na daina surutu za ta gaya min. Kun ga ke nan ba zan taɓa sani ba.