Gadon Jegon Inna

Ni na jawo shi, wannan kam ba na musu. Ina koyarwa a firamare a Karaye, shi kuwa abokina da muka yi kwalejin horon malamai tare ya wuce jami'a ya karanci haƙar kayan tarihi. Da ya ce yana neman tsohon mazauni da zai haƙa, bakina bai yi shiru ba. Na ce ga kufan gidanmu can bayan ƙauyen Turawa, wanda muka tashi daga cikinsa tun ina rarrafe.

Ya zo da rani, da ɗalibai huɗu da igiya da ɗan cokalin magina. Mutanen gari suka kewaye su suna kallon ikon Allah. Wani tsoho mai haƙar rijiya ya tsaya tun hantsi har azahar, ya ga ƙatti biyar sun share ƙasar da ba ta cika ƙwarya ba, da burushi, ya ce, "Malam, in ruwa kuke nema, jikokinku ma ba za su sha ba."

Rana ta shida suka tono wani dandamalin ƙasa mai rami a ƙarƙashi, cike da toka. Abokina ya kira ni da sauri. Ya buɗe mini littafi mai hotunan gidajen wankan Rumawa, inda ake hura wuta a ƙarƙashin daɓe don ɗaki ya yi ɗumi. Ya ce ga irinsa nan a ƙasar Hausa.

Da yamma muka kai wa mahaifiyata, Inna, labari. Ta yi dariya har da hawaye.

"Gadon jegona ne, ɗan nan. Da na fito wanka sai a zuba garwashi a ƙasa in kwanta. Ashe su Rumawan ma jego suke yi?"

Sai kuma dariyar ta ɗauke. Bayan ya fita alwala ta jawo ni kusa. Ta ce a bayan ɗakin nan, wajen da take wankan, an binne mabiyiyar kowane ɗa da ta haifa, a 'yar tukunya rufe da kasko. Mu shida ne, ni kaɗai na rayu. Kaburburan sauran sun daɗe da bajewa, ba ta san inda suke ba. Nan ɗin kaɗai ta sani, kuma nan take tsayawa in ta je itace.

"Ka ce masa kada ya taɓa bayan ɗaki."

Washegari na kai shi wurin, na zana masa da ƙafata inda ba za a taɓa ba. Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba, Innarka ai Innata ce." Tuwonta yake ci kullum, yana suɗe kwano, to me zai sa in yi shakka?

Aka tura ni Rogo tsaron jarrabawa, kwana uku. Na dawo na tarar da rami mai kusurwa huɗu, daidai kan zanen ƙafata, ko kaucewa bai yi ba. Tukwane shida suna cikin kwali, kowace da lamba a wuya.

Na ce, "Ba ka yi mini alkawari ba?"

Ya ce, "Ka kwantar da hankalinka, ƙasa ce kawai a ciki. Irin wannan ba a samunsu a jere, sai an yi sa'a."

Wallahi na so in kwaɗa masa mari. Na ce ya mayar, ya ce an riga an rubuta su, sun zama na hukuma. Da la'asar motarsu ta tashi. Daga baya ya aiko mini da takardar da ya wallafa, har da godiya gare ni a ƙasan shafi. Ban amsa ba, kuma ban sake gaishe shi ba.

Inna ta ce in kai ta ta gani. Ta daɗe a bakin ramin tana dogare da sanda, ni ina ta zaginsa, ina cewa maci amana ne. Ta bar ni na gama.

"Shi baƙo ne," in ji ta. "Bai san wurin ba. Kai na gaya wa."