Inna Shatu, Wadda Ta Hura Mini Numfashi

Kai mai karatu, ka san wanda ya fara sa iska a ƙirjinka? Ni na sani. Inna Shatu ce, ungozomar unguwarmu a Dandin Mahe, wadda Allah Ya yi wa rasuwa ranar Laraba, 9 ga Afrilu, 2025. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta tafi babu wadda ta gaji hannunta, ga matata Safinatu da cikin wata bakwai.

Inna, kin ba ni labarin ya fi sau ɗari, kina dariya. An haife ni da hantsi, ban yi kuka ba, har mata sun fara salati. Kika share mini baki, kika yi bisimilla, kika hura. A hurawa ta uku na tsala ihu, kuma a cewarki tun ranar ban rufe baki ba. In an yabe ki sai ki ce rai na Allah ne, ke bututu ce kawai.

Ranar da nake zazzaga wa wani dillalin albasa rashin mutunci a kasuwar Shagari, sai sandarki na ji a ƙwauri. "Mode, lumfashina na cikin ƙirjinka, ban ba ka shi don zagi ba." Kowa ya kwashe da dariya, har dillalin. Kika sa na ja iska na ce Allah, na sake ta na ce alhamdu lillahi, sau bakwai, a gaban jama'a. Kin ce ba ki yi karatu ba, amma kin san kowane numfashi sallama ce daga Ubangiji, dole a amsa. Duk littattafan da na koya wa kaina karantawa, babu wanda ya faɗa mini abin da ya fi wannan.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya yalwata makwancinki, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina yi wa ɗiyarki Zahra'u da jikokinki ta'aziyya, Allah Ya ba mu haƙuri.

Saura kai, Alhaji Abdullahi, shugaban ƙungiyar unguwa, da girmanka. Shekara uku Inna tana roƙonka ka haɗa ta da mata biyu ta koya musu aikin ungozoma, a kuma tura su asibiti su ƙaro ilimi. Kullum sai ka ce bayan damina. Na ja numfashi sau bakwai kafin in rubuta wannan, don haka babu zagi. Ranar Juma'a, bayan an sallame, ka miƙe a ƙofar masallaci ka faɗa wa jama'a: in Safinatu ta haihu, ɗana ya zo bai yi kuka ba, wa za a kira?