Mika'ilu, bakin masu zoɓo

Da an idar da sallar asuba Malam Mika'ilu zai hau tsohon babur ɗinsa, ya bi ƙauyukanmu na yammacin Dawakin Tofa, yana leƙa shanyar zoɓo gida-gida. Wadda ta baza nata a ƙasa sai ya ce, "Inna, tabarmar nan aure za ki kai ta? Shimfiɗa mana ita." Kafin azahar yana Dawanau, waya a kunne, yana zuba Faransanci da fataken Kwatano da Abijan. Ya haura shekara ashirin a haka.

Lokacin da ya dawo daga jami'a da karatun Faransanci da na tallata kaya, 'yan majalisar hira cewa suka yi, "To wa zai yi wa yaren, jaki ko gero?" Mu da muka tsufa a dillanci mun san mai baki biyu ba ya kwana da yunwa. Amma shi gari ya ciyar.

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana bununi, rumbuna suka koma ɗakin ɓera. Barira, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, har ta sa gonarta a kasuwa. Mika'ilu ya ce ta dakata. Zoɓon da mata ke shukawa a iyakar gona, can a Abijan kamar ruwa ake shan sa, kuma ya samo wata mata daga can mai sayen zoɓo mota-mota.

Ranar awo, a gabanmu, ya cusa hannu a buhun kawunsa Mati, ya ji danshi. An yayyafa ruwa don nauyi. Ya janye buhunan Mati gefe.

Mati ya matso, ya rage murya. "Kai ɗan nan, baƙuwar nan ba ta jin Hausa fa. Kai ne bakinta, ka rufe shi mana."

"Kawu, ni ne idonta kuma. In ya ruɓe a hanya, sunanka ba za ta tuna ba, sunan garinmu za ta riƙe. Baɗi wa zai sayi na Barira?"

Mati ya yi wata guda ba ya amsa masa gaisuwa. Shi kuwa Mika'ilu ya kwashi buhunan ya shanya a tsakar gidansa, suka bi mota ta biyu.

Matar nan ta dawo da shekara ta zagayo, ta dawo da wasu. Barira na noma gonarta har yau.

Mika'ilu, kai ne gadar da ba ta karɓar kuɗin tsallaka. Mun gode, Allah ya saka maka, ya jiƙan mahaifa. Yaranmu masu karatu, ku duba: harshe ana koyon sa a aji, amana sai an gani a wurin irin wannan.

Mai son shaida ya zo ranar awo. Tsohon da zai gani a bakin sikeli yana cusa hannu a buhun kowa, yana faɗa, Mati ne.