Hancin Jirgin Abdulbaƙi

Shekara ashirin da bakwai Abdulbaƙi yana tura tsofaffin alhazai a keken guragu tsakanin masaukan unguwar Jarwal da Harami, a Makka. Hajji ya kawo shi daga wani ƙauye na fadamar Nguru, jirgin komawa ya tashi babu shi. Ba shi da iƙama, wato takardar zama, don haka ya san duk lungun da mutum zai faɗa in motar 'yan sanda ta ɓullo. A unguwar Nakkasa, can saman dutse, ya gina ɗaki biyu. Nan matarsa Kabira ta haifi Saudatu, nan kuma ta rasu.

Abu ɗaya ya mallaka wanda ba a ƙasar wani yake ba: kashi ɗaya cikin uku na wani kwale-kwale da bai taɓa sa ƙafa a ciki ba. Shi da Dauda, ɗan baffansa, da abokinsu Maman suka haɗu suka saya. Jirgin na ɗaukar mutane da buhunan shinkafa ta hanyar ruwan da aka haƙa daga ƙauyen zuwa kasuwa. Da wasa suka raba shi. Dauda mai riƙe inji ya ɗauki wutsiya, Maman mai tumbi aka ba shi ciki, Abdulbaƙi ya samu hanci, wai don ya fi kowa yin gaba.

Sharaɗi ɗaya ne babu wasa a cikinsa. Kowace shekara ciyawar kacala tana toshe hanyar, sai a yi gayya a shiga ruwa a sare ta. Duk mai rabo a jirgi dole ya shiga da hannunsa, ko hannun wani jininsa. Ɗan haya ba ya shiga lissafi. Ƙanensa Ismail ne ke shigar masa, sai bara Ismail ya rasu.

Ranar da saƙon muryar Dauda ya shigo, ranar ce ma'aikatan hukuma suka hawo unguwa da gwangwanin jan fenti.

"Yaya, gayya saura wata biyu," in ji Dauda a wayar. "Bara mun rufa maka saboda rasuwa. Bana mutane sun fara magana. Akwai mai son hancin, kuma da ƙartin 'ya'yansa huɗu."

Abdulbaƙi ya tsaya gaban bangonsa, fentin bai ma bushe ba. Kalma ɗaya ce aka rubuta da Larabci, "izala", wadda kowa a Nakkasa ya san tana nufin za a rushe gidan. Ya danna waya.

"Dauda, ku yi mini haƙurin shekara guda. Izala ta zo gidana."

Amsa ta dawo da dariya, har ana jin injin jirgi a baya.

"Kai, Yaya! Shekara nawa kana Makka, sai yanzu 'yan Izala suka kai gare ka? Ka ba su ruwa, ka saurari wa'azi, ka zo mu sari kacala."

Muryar Maman ta kutso: "Alhajin hanci, in ka ɗage wando ma ya fi, ba zai jiƙe ba!"

Ya ɗauki hoton bangon ya tura musu.

"Mun karanta," in ji Dauda. "Har da jan fenti. Lalle sun ɗauke ka da muhimmanci."

Sai Abdulbaƙi ya zauna a dokin ƙofa, wayar na hannunsa. Haka Saudatu ta same shi da ta hawo daga Jarwal, inda take aure. Hausarta a gida ta tsaya, Larabci ya fi zama a bakinta.

"Abuya, esh fi? Me ya faru? Ba ni wayar."

Ta kira kai tsaye. "Baffa Dauda, Saudatu ce. Izala a nan ba mutane ba ne. Yani... za su kashe gidan."

"Su kashe wa?"

"Gidan! Mota mai hannu za ta zo ta ci bango. Halas, babu gida."

Injin da ke waccan wayar ya mutu.

"Innalillahi. Ba ni babanki," in ji Dauda. Da Abdulbaƙi ya karɓa sai ya ce, "Yaya, ka yafe mana dariyar. To yanzu ina za ka kwana?"

"Allah ne ya sani. Shi ya sa na ce ku jira ni. In hancin nan ya tafi, ba ni da ko taki ɗaya a ko'ina."

"Ni zan jira, kacala ce ba ta jira. Kuma Yaya, da muna cewa gida ne ya riƙe ka. Yanzu me ya riƙe ka?"

Abdulbaƙi ya dubi Saudatu. Ta gane tambayar ko da ba ta ji ta ba.

"La, Abuya. Ka zo wurinmu."

"Mijinki na da takarda, uwata. A kama ni a ɗakinsa, ku ma kun shiga uku."

"In ka miƙa kanka ga 'yan sanda suka mai da kai gida, ba za ka dawo ba. Ummi tana nan a kabari. Ni ina nan. Ruwan ma ka manta yadda ake shiga!"

"Zan tuna."

Kwana tara yana juya abin. A na goma aka rushe layin da ke ƙasa da nasu, ƙura ta cika masa tukunyar shayi. Ya kai kekensa ya ba wani maƙwabci. Ya yi ɗawafi shi kaɗai, karo na farko ba tare da yana tura kowa ba. Saudatu ta ɗaure masa kaya a jaka ɗaya, ta cusa safar hannu ta roba, don ta ji an ce kacala na yanka.

Da hantsi ya sauka bakin babban titi, ya tsaya a fili inda bai taɓa yarda ya tsaya ba. Motar 'yan sanda ta farko ta wuce, ko kallon tsohon ba su yi ba. Ta biyu ma haka. Ƙafafunsa da suka saba gudu suna ta jan sa zuwa lungu, yana hana su. Da ta uku ta taho sai ya shiga gabanta ya ɗaga hannu biyu.

Ɗan sandan ya sauke gilashi, ya dube shi daga hula zuwa silifa.

"Iƙama?"

Abdulbaƙi ya waiga. Saudatu na tsallaken titi, hannunta a kan bakinta.

"Babu," ya ce da Hausa. Sannan ya maimaita da harshensu, ya buɗe ƙofar baya da kansa.